Bin Sawun Karkanda a Ƙafa: Shiri, Zaɓin Wuri da Haƙƙin Dabba

Yawancin masu zuwa kallon namun daji a Afirka daga cikin mota suke kallonsu. Direba ya taka birki, a ɗaga kyamara, a ɗauki hoto, a ƙara gaba. Dabbobin manyan gandayen daji sun saba da mota har ba su ɗauke ta a bakin komai ba, shi ya sa zaki kan yi kwanciyarsa a gefen taya yana hamma. Da zarar mutum ya sauko ya tsaya a kan ƙafafunsa, lissafi ya canja. Ya koma abin da dabba ta sani tun fil azal, wato mafarauci. Warinsa kaɗai ya isa ya tayar da hankalin daji. Wannan ne ya sa bin sawun karkanda a ƙafa ya fita daban da sauran yawon buɗe ido, kuma shi ya sa shirinsa yake buƙatar tunani fiye da sayen tikiti da kama ɗaki.

Ra'ayina a kan lamarin a fili yake. Tafiyar da ta yi kyau ita ce wadda baƙo ya bi bayan masu aikin sa ido a kan karkanda, ya ga dabbar tana harkarta, ya juya ya tafi ba ta ma san an zo ba. Duk wani shiri, daga zaɓin ƙasa zuwa launin riga, wannan ma'aunin zai bi. Wanda burinsa ya matsa kusa har ya cika hoto da fuskar dabba, ya fi masa alheri ya zauna a mota.

Kafin a kai ga shiri, akwai tambayar da ta kamata mai karatu daga Kano ko Maraɗi ko Garwa ya yi: me ya sa sai an tsallaka dubban kilomita kafin a ga karkanda? Amsar ba daɗi. A da akwai shi a maƙwabtanmu. Wani reshe na baƙin karkanda ya rayu a dazuzzukan kudancin Cadi da arewacin Kamaru, har ya taɓo arewa maso gabashin Najeriya. Farauta ta yi ta cinsa har ya rage 'yan tsiraru a arewacin Kamaru. A 2006 masu bincike suka karaɗe yankin ba su ga ko ɗaya ba, a 2011 kuma ƙungiyar IUCN, mai ajiye lissafin halittun da ke cikin haɗari, ta bayyana cewa wannan reshe ya ƙare a doron ƙasa. Ba a zamanin kakanni abin ya faru ba, a gaban idonmu ne. Cadi ta yi yunƙurin dawo da karkanda gandun Zakouma: an kawo shida daga Afirka ta Kudu a watan Mayun 2018, huɗu suka mutu cikin 'yan watanni, aka sake kawo biyar a Disamban 2023. Aiki ne mai daraja, amma waɗannan dabbobi renonsu ake yi, ba su kai a riƙa kai musu baƙi a ƙafa ba.

Abin da ya cinye namu shi ne ya kusa cinye na kowa. A 1970 ana ƙiyasin baƙin karkanda 65,000 a nahiyar. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 ya koma wajen 2,400. Ƙaho ne sanadi. A shekarun 1970 da 1980 ana kai shi Yaman a yi ƙotar wuƙar ado, ana kai shi gabashin Asiya a haɗa magani. An haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1977 a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, amma kasuwar bayan fage ba ta mutu ba, sai ma ta sake tashi daga Biyetnam da Sin. A Afirka ta Kudu karkanda 13 aka kashe a 2007; a 2014 adadin ya kai 1,215. Duk wannan ɓarna a kan abin da sinadarinsa ɗaya ne da na farce da gashi. Yau baƙin karkanda ya haura 6,000, farin kuma yana wajen 16,000. Saboda haka duk karkandan da baƙo zai gani a yau yana raye ne domin wasu mutane suna kwana a daji suna gadinsa, kuma wannan gaskiya ita ce ta tsara yadda ake ziyartarsa.

Mataki na farko a shiri shi ne mutum ya san wane karkanda yake nema, domin su biyun halinsu ya sha bamban. A launi kusan ɗaya suke, duk ruwan toka, sai dai kalar taɓon da suka yi birgima a ciki. A baki ake rabe su. Farin karkanda leɓensa mai faɗi ne, ciyawa yake kiwo, kansa kullum a ƙasa, yana son fili, kuma yakan yi tafiya cikin 'yan ƙananan garkuna. Namijinsa kan haura tan biyu. Duk da girman nan yana da sanyin hali, shi ya sa ake iya tsayawa a kalle shi a natse. Baƙin karkanda bai kai shi jiki ba, nauyinsa daga kilo 800 zuwa 1,400, leɓensa na sama mai tsini ne kamar ƙugiya, da shi yake kamo reshe ya karya. Cikin sarƙaƙiya yake zama, galibi shi kaɗai, ga saurin fushi. Idan ya firgita yakan taso kan abin da ya firgita shi kafin ya tantance ko mene ne. Dukansu idonsu ba ya gani nesa, amma hanci da kunne sun rama musu, kuma suna iya gudun kilomita 50 a sa'a. Babu ɗan Adam da zai tsere musu.

Wanda bai taɓa tafiya a daji ba, ko yake tare da iyali, farin karkanda ya dace da shi. Mai neman ainihin aikin bin sawu, da gumi, da yiwuwar a wuni ba a ga komai ba, baƙin zai nema.

Ga yadda safiyar irin wannan aiki take. Ana tashi tun da duhu. Masu bin sawu sukan riga baƙi fita, su nufi mashaya, domin karkanda da dare ko da asuba yake shan ruwa. A bakin ruwan ake tsintar sawu: tambari mai yatsu uku, na tsakiya babba, biyu a gefe. Gwani zai durƙusa ya duba gefen sawun. Idan bakinsa na nan da kaifi, iska ba ta zubo da rairayi a ciki ba, ƙwaro bai ratsa ta kai ba, to na daren jiya ne. Daga nan sai a bi. Can gaba a tarar da juji, domin karkanda wuri ɗaya yake komawa ya yi kashi, wasu ma su zo su yi a kai, kowa ya shinshina ya san wanda ya wuce. Mai bin sawu zai sa hannu ya fasa kashin ya ji ɗuminsa. Idan ciyawa ce zalla a ciki, na fari ne. Idan guntayen itace ne masu yankan karkace, kamar an datse su da almakashi, na baƙi ne, haka haƙoransa suke yanka reshe. Sawun ɗa ma yana da labari: ɗan farin karkanda gaban uwarsa yake gudu, ɗan baƙi kuwa bayanta yake bi.

Da an fara kusanta sai magana ta ɗauke, a koma nuni da hannu. Jagora yana riƙe da ɗan ƙunshin toka a tsumma, kowane ɗan lokaci ya kaɗa shi ya ga inda ƙurar ta nufa. Maharban ƙasarmu sun san wannan dabara. Dole iska ta riƙa busowa daga wajen dabba zuwa wajen mutane. Idan ta juya, a zagaya, ko da zagayen zai ci rabin sa'a. Sai kuma a yi hattara da carki, tsuntsun nan da ke cin kaska a jikin shanu, domin shi ne ɗan gadin karkanda. Wani bincike da aka yi a gandun Hluhluwe-iMfolozi aka buga a 2020 ya nuna cewa baƙin karkandan da ba carki a jikinsa sau 23 kacal cikin 100 yake gane mutum na tahowa, wanda kuwa yake tare da tsuntsun kowane karo sai ya gane, kuma tun daga nesa. Da carki ya yi ƙara, za ka ga kunnuwan karkandan sun miƙe suna juyawa kowanne da nasa ɓangaren, ya ɗaga kai, ya juya yana neman iska. A wannan lokacin ba a motsi. Ana tsayawa cik a bayan itace ko suri har sai kunnuwan sun kwanta.

Baƙo yana kallo, ma'aikaci kuwa rubutu yake yi. Yana duba tsagar da aka yi wa kunnen dabbar don shaida, da siffar ƙaho, da ƙiba ko rama, ko akwai rauni, ko mace tana da ciki. Macen karkanda wata 15 zuwa 16 take ɗaukar ciki, ɗa ɗaya take haifa, sai bayan shekara biyu da rabi ko uku ta sake. Dabbar da haihuwarta ke da wannan nawa, kowace guda abin ƙirgawa ce. Wannan rubutun shi ne asalin fitar. Kuɗin baƙo taimaka masa yake yi.

To, ina za a je? Wuraren ba su da yawa, kuma kowanne da irin abin da yake bayarwa.

Mafi sauƙi ga mai tasowa daga yammacin Afirka shi ne Ziwa a Yuganda, a gundumar Nakasongola, tafiyar wajen sa'a uku a mota daga Kamfala a kan hanyar da ta nufi gandun Murchison Falls. Yaƙe-yaƙe da farauta sun share karkanda daga Yuganda a farkon shekarun 1980. A 2005 aka kawo farare huɗu daga Kenya, shekarar da ta biyo baya aka ƙaro biyu daga wani gidan dabbobi a Amurka. Ɗan fari da aka haifa a 2009 aka sa masa suna Obama, saboda ubansa ɗan Kenya ne uwarsa kuma daga Amurka. Yanzu sun haura arba'in. A Ziwa masu gadi suna tare da dabbobin dare da rana, don haka an san inda suke. Ana kai mutum kusa a mota, ya taka na ɗan lokaci, cikin sa'a ɗaya ko biyu an gama. Gaskiya wannan ba bin sawu ba ne sosai, ziyara ce a ƙafa. Amma kuɗinsa kaɗan ne, ganin kusan tabbas ne, kuma ga wanda bai taɓa tsayawa fili ɗaya da dabba mai tan biyu ba babu shinge a tsakani, ba ƙaramin abu ba ne. Haka abin yake a gandun Mosi-oa-Tunya da ke gefen garin Livingstone a Zambiya, inda 'yan fararen karkanda ke yawo da masu gadi ɗauke da bindiga. Mai zuwa kallon gangaren ruwan Victoria zai iya haɗawa da shi a safiya guda.

Matobo a Zimbabuwe, kudu da Bulawayo, ya ɗara waɗannan. Ƙasa ce ta manyan duwatsu da suka hau kan juna, da kogunan dutse masu zanen mutanen da, kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2003. Ana bin farin karkanda a ƙafa a tsakanin duwatsun, kuma jagororin Zimbabuwe sun yi suna, domin jarrabawar lasisinsu tana cikin mafi tsauri a nahiyar.

Hluhluwe-iMfolozi a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu kuwa gidan asali ne. An keɓe shi tun 1895, lokacin da farin karkandan kudu bai kai ɗari ba a duniya, kusan duk a wannan yankin. Daga nan ne a shekarun 1960 Ian Player da abokan aikinsa suka fara kama su suna rarrabawa wasu gandaye, har zuriyar ta yaɗu. Shi ne kuma, tare da abokinsa Bazulu Magqubu Ntombela, ya soma kai mutane tafiyar ƙafa ta kwanaki a ɓangaren dajin da ba a yarda mota ta shiga ba. Har yau ana yi. A wani nau'in tafiyar kowa yana goye da kayansa, a kwana a fili, a yi karɓa-karɓar gadin wuta har gari ya waye. Ba karkanda kaɗai ake nema a nan ba, amma da wuya a gama ba a haɗu da shi ba. Sai dai wurin ya sha wuya a 'yan shekarun nan: cikin karkanda 499 da aka kashe a Afirka ta Kudu a 2023, 307 a wannan gandun ne, abin da ya sa hukuma ta shiga yanke musu ƙaho a 2024.

Wurare biyu ne, a ganina, suka fi cancantar mai neman baƙin karkanda ya tara musu kuɗi. Na farko Sera a arewacin Kenya, ƙasar Samburu. Kenya tana da baƙin karkanda wajen 20,000 a 1970, ta wayi gari a shekarun 1980 da ƙasa da 400, yanzu kuma ta sake haura 1,000. Yawancinsu a gandayen gwamnati ne ko na masu zaman kansu kamar Lewa da Ol Pejeta. A Ol Pejeta ne Najin da Fatu suke zaune, mata biyu da suka rage daga farin karkandan arewa bayan mutuwar namiji na ƙarshe a Maris ɗin 2018. Abin da ya bambanta Sera shi ne ƙasar ta al'umma ce. Makiyaya ne suka ware wani yanki na makiyayarsu aka kewaye, aka kawo baƙin karkanda a 2015, kuma 'ya'yansu ne masu gadin. A nan ana haɗa na'ura da ido: an dasa ƙaramar na'urar aika sigina a ƙahon wasu dabbobin, sai a hau tudu a ɗaga eriya a ji ta inda ƙarar ke fitowa, sannan a sauka a ƙarasa da bin sawu cikin ƙaya.

Na biyu, wanda na fi ba wa girma, shi ne yankin Kunene a arewa maso yammacin Namibiya. Hamada ce ta jajayen duwatsu, ruwan sama kaɗan, itatuwa jefi-jefi, babu shinge, kuma yawancinta ba gandun gwamnati ba ce. A nan ne baƙin karkanda mafi yawa da ke yawo sakaka a duniya suke rayuwa. Sukan yi kwanaki ba su sha ruwa ba, suna cin wani tsiro ɗan uwan tinya wanda ruwansa guba ne ga mutum. Fari da farauta sun kusa ƙarar da su a farkon shekarun 1980. A 1982 aka kafa ƙungiyar Save the Rhino Trust, kuma dabarar da aka bi a yankin ita ce ɗaukar mutanen ƙauyuka aikin gadi, har da waɗanda a da su ne masu farautar, tunda babu wanda ya fi su sanin dajin. A 1996 Namibiya ta yi doka da ta ba al'ummomin karkara ikon kula da namun dajin ƙasarsu da cin moriyar baƙi. Yau masaukai irin su Desert Rhino Camp a yankin Palmwag suna fita da baƙi tare da masu bin sawun ƙungiyar, kuma wani kaso na kuɗin yana komawa ga aikin da ga al'ummomin da ke kewaye. Grootberg Lodge ma, wanda mallakar al'umma ne, yana irin wannan fita. Tafiyar Kunene ba ta rago ba ce. Ana iya shafe sa'o'i a mota a kan duwatsu, a sauka a taka wasu sa'o'in a rana, a ƙarshe a hango dabba ɗaya daga nesa tana barci a inuwar itace, a yi 'yan mintoci a juya. Wani zai ce kuɗinsa bai biya ba. Ni kuwa ina ganin nan ne kaɗai baƙo zai ga karkanda yadda Allah Ya halicce shi, ba shinge, bai saba da kowa ba.

Akwai kuma wuraren da sunansu kan rikita mai shiri. Kudancin Luangwa a Zambiya ya shahara da safarin ƙafa, amma babu karkanda a cikinsa. Arewacin Luangwa yana da baƙaƙe da aka dawo da su tun 2003, sai dai ana tsaronsu ne, ba a tallata su ga baƙi. A tambaya a fili kafin a biya: shin a ƙafa za a bi karkanda, ko dai akwai karkanda a gandun kawai?

Akwai masu ganin bai ma kamata a riƙa kai baƙi ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Karkandan da ake yawan tayarwa yakan bar mashayarsa da wurin kiwonsa mai kyau ya koma inda ba a damunsa, wanda sau da yawa shi ne inda tsaro ya yi ƙaranci. Mace mai ɗa idan ta firgita a tsakar rana ta yi gudu mai nisa, ita da ɗan duk sun wahala. Wanda kuma ya saba da mutane har ya daina gudu, ya zama nama a hannun mai bindiga. Sannan ga waya: hoton da aka ɗauka yakan ɗauki bayanin wurin da aka ɗauke shi, kuma masu safarar ƙaho suna bibiyar intanet kamar kowa. Duk wannan gaskiya ne. Amma ɗaya ɓangaren ma gaskiya ne, kuma ya fi nauyi. Gadin karkanda kuɗi yake ci, albashi da mai da takalma da rediyo, kuma makiyayin da dabbar ke zaune a ƙasarsa ba zai kare ta ba idan ba ya ganin amfaninta a makarantar ɗansa ko rijiyar garinsu. An ga abin da ya faru a 2020, da annobar korona ta tsayar da baƙi, yadda gandaye da dama suka rasa abin biyan ma'aikata. Don haka maganar ta koma kan yadda ake yin ziyarar. Wuraren kirki suna ƙayyade yawan mutane a fita ɗaya, da nisan da za a tsaya, da mintocin da za a yi, suna kuma hutar da yanki bayan an ziyarce shi. A Kunene an gina tsarin a kan haka: gwargwadon kusancinka, gwargwadon gajartar zamanka.

Wannan ya ba mai shiri tambayoyin da zai auna kamfani da su. Mutum nawa ne a ayari? Shida ya yi, takwas ne iyaka. A tafiye-tafiyen ƙafa na gandun Kruger ma ba a wuce baƙi takwas da ma'aikata biyu masu bindiga. Su wa ke bin sawun, kuma wa ke biyansu? Nawa ne daga kuɗina ke zuwa ga tsaro ko ga mutanen yankin? Kamfanin da ya amsa waɗannan ba kame-kame, a yarda da shi. Wanda ya yi alkawarin za ka taɓa karkanda, ko ya ce gani dole ne a wurin da dabbobi ke sake, a bar shi. Kuma kada ran baƙo ya ɓaci idan ya tarar da karkanda gundul ba ƙaho. Likitocin dabbobi ne suka yanke don a rage kwaɗayin ɓarayi, ba ya jin zafi tunda ba a taɓa tushen ba, yana kuma sake tsirowa har a maimaita bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu. Wani bincike da aka buga a 2025 a kan gandayen da ke kewaye da Kruger ya nuna yankan ya rage kisa da kusan kashi 78 cikin 100.

Lokaci kuwa rani ne. A kudancin Afirka daga Mayu zuwa Oktoba: ciyawa ta kwanta, ana gani nesa, dabbobi suna dawowa mashaya, sawu yana fita sarai a ƙura. Yuni da Yuli sanyin asuba yana da tsanani, musamman a buɗaɗɗiyar mota, Oktoba kuma zafi ne mai gigitarwa. A Kenya da Yuganda Yuni zuwa Satumba, sai kuma Janairu da Fabrairu. A kauce wa Afrilu da Mayu saboda ruwa. Masaukan daji ƙanana ne, wasu ɗakunansu ba su kai goma ba, saboda haka a kama wuri tun da watanni.

Kuɗin ya danganta da zaɓi. Fita ɗaya a Ziwa ko Livingstone ko Matobo ba ta fi ƙarfin matsakaicin matafiyi ba, tafiyar iMfolozi ma da dama-dama tunda hukumar lardi ke gudanar da ita. Masaukan Sera da Palmwag kuwa ɗaruruwan daloli ne kowane dare a kan mutum ɗaya, wani lokaci fiye da dubu, ban da ƙaramin jirgin da zai kai ka. Daga ƙasashenmu hanya mafi sauƙi ita ce ta Adis Ababa, inda jirgin Habasha ke haɗa Kano da Abuja da Yamai da Njamena da biranen gabashi da kudancin nahiyar. Katin rigakafin shawara wajibi ne ga mai tasowa daga yankinmu, a wasu filayen jirgi kafin a dubi biza shi ake tambaya. Dokokin biza suna yawan sauyawa, a tuntuɓi ofishin jakadanci kafin a sayi tikiti. A sha maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro kada a ce an saba, a kuma yanki inshorar da ta haɗa da ɗauko marar lafiya ta jirgi, domin asibiti yana da nisa. Yawancin wurare ba sa karɓar yaro ƙasa da shekara 12 a tafiyar ƙafa, wasu sai 16.

Sutura ma a kula da ita, domin a nan al'adarmu ta ado takan ci karo da daji. Farar shadda da babbar riga su zauna a jaka: fari yana ɗaukar ido, shadda tana ƙara, yalwar tufa tana kama ƙaya. A sa kaya masu ruwan ƙasa ko kore marar haske, dogon wando saboda kaska, takalmi rufaffe wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da hula mai baki. Inda akwai ƙudan tsando a guji baƙi da shuɗi. Mace za ta iya suturta jikinta tsaf da mayafi marar ja da ƙasa mai irin wannan launi. Turare kuwa, komai ƙanƙantarsa, a haƙura da shi ranar fita. Dabbar da hanci take gani. A ɗauki madubin hangen nesa, shi ne zai maye gurbin kusanci. A kashe ƙarar waya, a kashe alamar wuri a kyamara, idan za a sa hoto a Facebook kada a faɗi takamaiman inda aka ɗauka. Musulmi ya sanar da masauki tun da wuri game da abincin halal, sun saba da irin wannan buƙata, kuma lokacin fita yakan zo daidai da idar da sallar asuba.

Dokar daji gajeriya ce, jagora zai maimaita ta kafin a taka: a jeru ɗaya bayan ɗaya, ba magana, ba wanda zai wuce na gaba, idan aka ce tsaya a tsaya, idan aka nuna itace a laɓe ko a hau. Gudu shi ne babban kuskure, sai fa in jagora ne ya ce a yi. Bindigar da ke hannunsa ta ranar ƙaddara ce, kuma baƙon da gangancinsa ya sa aka harbe baƙin karkanda ya rage ɗaya daga cikin dubu shida.

Ga mai neman baƙin karkanda, kwana uku a wuri ɗaya ya fi kwana ɗaya-ɗaya a wurare uku, domin iska kan ɓata safiya guda, sawu kan ɓace a kan dutse. Mai isasshen lokaci zai iya farawa da fari a Matobo ko Ziwa ya koyi tsayuwa da shiru, sannan ya wuce Kunene ko Sera. A ware kuma kuɗin alheri a hannu, na ƙasar ko dala, a tambayi manajan masauki yadda ake rabawa, a tabbatar kason masu bin sawu ya isa gare su, domin su ne suka fita tun kafin kowa ya farka, kuma sau da yawa ba sa cikin waɗanda baƙo ke gani a teburin cin abinci.